Kyautar Sassan Jiki Bayan Mutuwa: A Ambaci Suna, Amma Kada A Gindaya Sharaɗi

Duk inda aka taso da zancen bayar da ƙoda ko hanta bayan mutuwa, ba a daɗewa sai wani ya ce: "Na yarda a cire, amma ni zan faɗi irin mutumin da za a dasa wa." Wani ya ce sai ɗan addininsa. Wani ya ce ban da mashayin giya. Wani kuma, idan ya ga babu baƙo a wurin, ya ce ban da ƙabila kaza. Galibin masu faɗin haka suna ganin tun da jikin nasu ne, ikon rabonsa ma nasu ne, kamar yadda mutum yake wasiyya da gonarsa ko littattafansa. Ra'ayina shi ne wannan ƙiyasi bai tsaya da ƙafafunsa ba, kuma ƙasashen da suka hana irin waɗannan sharuɗɗa sun yi daidai, duk da cewa hanin yana da tsada, tsadar da wani lokaci ake biya da rai.

Tambayar ta kasu biyu, kuma cakuɗa su shi ne tushen ruɗanin. Akwai mai cewa, "A ba ƙanwata, ga sunanta, shekararta uku tana wankin ƙoda." Akwai kuma mai cewa, "A ba kowa, ban da masu kaza." Na farko yana nuna mutum guda da ya sani. Na biyu yana rufe ƙofa ga dubban mutanen da bai taɓa gani ba. Dokokin Amurka da na Birtaniya, inda harkar dashe daga mamata ta daɗe da kafuwa, sun buɗe wa na farko hanya, kowace da irin iyakarta, sun kuma toshe wa na biyu.

Birtaniya ba ta kai ga wannan matsayi ba sai da ta sha kunya. A shekarar 1998 wani mutum ya rasu a wani asibiti da ke birnin Shefil a arewacin Ingila, iyalinsa suka amince a ɗauki sassan jikinsa bisa sharaɗin cewa farar fata kaɗai za a dasa wa. Ma'aikatan da ke bakin aiki suka karɓa, aka kuma dasa wa fararen fata. Da labarin ya fito fili a shekarar da ta biyo baya, ƙasar ta ɗauki zafi, gwamnati ta kafa kwamitin bincike, kuma rahotonsa na shekarar 2000 ya yanke magana: ba za a ƙara karɓar wani sashe na jiki ba matuƙar mamaci ko iyalinsa sun ɗora sharaɗi a kan wanda zai samu. Kusan irin wannan ya faru a jihar Fulorida ta Amurka a 1994, ita ma daga baya ta yi dokar da ta hana taƙaita kyautar bisa launin fata, ko addini, ko jinsi, ko asalin ƙasa, ko wadata.

Akwai hujja mai nauyi da ake kawowa a kan wannan hani, kuma bai kamata a kauce mata ba. Mai ita yana cewa: ga ƙoda biyu da hanta lafiyayyu, ga majinyata suna mutuwa a layin jira. Idan kun ƙi sharaɗin, iyalin za su janye, a binne sassan, wani ya mutu saboda ku tsare wata ƙa'ida. Idan kuwa kun karɓa, mutum uku sun tsira, kuma baƙar fatar da ke bayansu a layi ma ya matsa gaba da taku uku. To wa aka cuta?

Lissafin daidai ne idan dare ɗaya ake magana. Sai dai tsarin dashe ba na dare ɗaya ba ne. Ranar da asibiti ya karɓi sharaɗi na farko, ya shelanta wa duk mai niyyar bayarwa cewa sharaɗi abu ne da ake karɓa. Mutanen da a da za su bayar hannu sake, yanzu za a tambaye su, ko su tambayi kansu, wa suke so a hana. Daga nan layi ɗaya ya tsage ya zama layuka: na farare, na baƙaƙe, na masu wannan addini, na masu wancan, kowane da tsawonsa gwargwadon yawan mutanensa da yadda suke bayarwa. Ma'aikaciyar jinyar da aikinta shi ne duba sakamakon gwaji sai ta koma mai tantance launi da aƙida a madadin mamaci, da kayan aikin gwamnati, da kuɗin harajin waɗanda aka ware ɗin. Domin kada a manta, ƙoda ba ta tashi da kanta ta shiga cikin wani. Tana buƙatar ɗakin kulawa ta musamman, da likitocin fiɗa ƙungiya biyu, da ɗakin gwaji, da mota ko jirgi cikin dare, da magani na tsawon rai. Mamaci ya ba da abu mafi daraja, babu musu, amma jama'a ce ta ɗauki nauyin sauran, kuma jama'a tana da haƙƙin cewa ba za a yi wariya da hannunta ba.

Mu da muke da 'yan'uwa a Ingila ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan. A can, baƙaƙen fata da mutanen Asiya su ne kusan kashi ɗaya cikin uku na masu jiran ƙoda, saboda ciwon sukari da hawan jini sun fi yi musu illa, alhali kuwa kaso ƙalilan ne na masu bayarwa bayan mutuwa ke fitowa daga cikinsu. Ma'ana, mafi yawan ƙodar mamatan da ake dasa wa ɗan Najeriya ko ɗan Pakistan a Landan daga jikin farar fata take fitowa. Duk da haka sun fi daɗewa a layi, domin samun wanda ya dace da su ya fi wuya. Yanzu a ce an halatta wa kowa ya keɓe wa nasa. Wa zai fara shan wuya? Hausawa suka ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Wanda yake neman a ba shi ikon cewa "sai namu" ya fara ƙirga yawan nasa a ƙasar da yake.

Akwai kuma abin da masu sharaɗi ba su cika sani ba, wato jiki yana da nasa sharuɗɗan tun kafin a zo ga na baki. Dole rukunin jini ya yi daidai. A dashen ƙoda ana duba wasu alamomi na gado da ke jikin ƙwayoyin halitta, waɗanda garkuwar jiki take gane nata da baƙo da su, sannan a haɗa jinin majinyaci da ƙwayoyin mamaci a ɗakin gwaji a ga ko zai kai musu hari. A zuciya da huhu girman jiki ma yana shiga lissafi. Bayan haka ga agogo: zuciya ba ta jure fiye da kamar awa 4 zuwa 6 a wajen jiki, hanta kamar awa 12, ƙoda ce mai ɗan haƙuri, takan kai awa 24 zuwa 36. Kuma ba kowace mutuwa ake iya ɗaukar sassa daga gare ta ba. A Birtaniya kusan mutum ɗaya ne cikin ɗari yake mutuwa a yanayin da zai yiwu, galibi a ɗakin kulawa ta musamman, a kan na'urar taimakon numfashi. A cikin wannan ƙunci na lokaci da ƙarancin masu dacewa, duk wani ƙarin sharaɗi yana iya sa a tsallake wanda ya fi kowa dacewa, a ba wanda jikinsa zai yi ta faɗa da sashen. Mu a ɗakin magani mun san abin da wannan ke nufi: ƙarin maganin danne garkuwa, ƙarin kamuwa da cututtuka, da yiwuwar sashen ya mutu da wuri a koma gidan jiya. Takrolimus da maikofenolet da firednisolon ba su san ƙabilar mai shan su ba. Ma'aunin jininsa kawai suke bi.

To, amma ka'idar "babu sharaɗi ko kaɗan" ita ma ta taɓa yin ɓarna, kuma adalci ne a faɗa. A 2008 wata budurwa 'yar shekara 21 ta rasu a birnin Biradfod bayan ciwon asma ya taso mata. Mahaifiyarta tana wankin ƙoda, kuma yarinyar ta sha faɗa wa dangi cewa tana son ta ba ta ƙodarta, sai dai ba a kai ga fara bin matakan bayarwa na mai rai ba ajali ya riske ta. Hukuma ta tsaya a kan ƙa'idar da aka kafa bayan abin da ya faru a Shefil, aka raba sassan ga wasu majinyata da ba ta sani ba, uwar ta ci gaba da zuwa wanki. A ganina wannan kuskure ne babba. Dokar da aka yi don hana ƙiyayya sai ga ta ta hana 'ya taimakon uwa. Da yarinyar tana raye, babu wanda zai hana ta, domin mai rai yana da ikon zaɓar wanda zai ba ƙodarsa. Babu hankali a ce numfashinta na ƙarshe shi ne ya soke wannan buri.

Gwamnatin Birtaniya ta gyara a watan Maris na 2010. Ƙa'idar da ta fitar ta ce ana iya duba roƙon a ba wani ɗan'uwa ko daɗaɗɗen aboki da aka ambata da suna, idan yana buƙata kuma gwaji ya nuna ya dace, idan babu wani majinyaci da ke bakin mutuwa wanda hana shi zai cutar da shi, sannan idan amincewar bayarwar ba ta rataya a kan biyan wannan roƙo ba. Wannan gaɓa ta ƙarshe ita ce zuciyar maganar. Iyali suna cewa, "Mun bayar, muna roƙon a fara duba wance." Ba sa cewa, "In ba wance ba, a binne." Amurka ta fi sassauci: dokar kyautar sassan jiki da jihohinta suka fara ɗauka tun 1968, aka sabunta ta a 1987 da 2006, ta ba mutum ko iyalinsa damar ambaton wanda za a ba kai tsaye. Duk da haka ambaton suna bai mai da sashen mallakin wanda aka ambata ba. A 2006 babbar kotun jihar Niyok ta yanke hukunci a kan ƙarar wani mutum da matar abokinsa ta ce a ba shi ƙodar mijinta. Wadda aka aika masa an same ta da lahani a jijiya, ɗayar kuma an riga an ba wani. Kotun ta ƙi amincewa da cewa an ƙwace masa dukiya, tun da gwaji ya nuna ƙodar ba za ta zauna a jikinsa ba ko da an kawo ta.

Sharaɗin da ya fi ruɗar mutanen kirki shi ne na ɗabi'a: kada a ba wanda ya jawo wa kansa. Ana yawan kawo misalin George Best, shahararren ɗan ƙwallon Manchester United, wanda aka dasa wa hanta a 2002, ya koma shan giya, ya rasu a 2005. Abin da ciwo, gaskiya ne. Amma tantance ko majinyaci zai kiyaye sashen da aka ba shi aiki ne da likitoci suke yi tun kafin a sa sunansa a layi, da gwaje-gwaje da bibiyar halinsa, mutum ɗaya bayan ɗaya. Mamaci ba shi da hanyar yin wannan daga kabari; abin da zai iya kawai shi ne ya yi wa jama'a guda kuɗin goro. Kuma idan aka buɗe wannan ƙofa, ina za a tsaya? Mai hawan jinin da ya yi wasa da maganinsa shekara goma fa? Wanda ya lalata ƙodarsa da ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen yana saye a kemis ba bisa ƙa'ida ba fa, ko da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba? Mai ciwon sukarin da bai bar lemon kwalba ba? Da za a tace layin wankin ƙoda na kowane asibitinmu da wannan rariya, kaɗan ne za su rage, kuma da yawa daga cikin masu kafa sharaɗin ba za su tsallake ba. Ga kuma zato: a ƙasarmu babban abin da ke lalata hanta shi ne ciwon hanta nau'in B, wanda da yawa suka ɗauka tun suna jarirai, amma sau nawa aka yi wa mai kumburin ciki kallon mashayi?

Game da sharaɗin addini, fatawa ta malamai ce, ni mai harhaɗa magani ne, kuma ina shawartar kowa ya zauna da malamin da ya amince da iliminsa. Abin da yake a rubuce dai shi ne Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar sashe daga mamaci don ceton mai rai idan shi ko magadansa sun yi izini, ta kuma hana sayarwa. Dalilin hana sayarwar shi ne abin lura: jikin ɗan'adam amana ne, ba ya cikin dukiyar da ake ciniki da ita ko ake rabawa a gado. Idan haka ne, kwatanta ƙoda da gona ya rushe tun daga tushe. Sa'an nan mu dubi abin da muke yi a aikace. Matar da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa, aka rugo da leda biyu daga ma'ajiyar jini, ban taɓa jin mijinta ya tsaya tambayar addinin wanda ya bayar ba. Wanda ya je Indiya ko Masar neman lafiya ba ya tambayar aƙidar likitan da zai yanka shi. Mun yarda mu karɓa daga kowa. Neman a hana wasu namu bayan haka abu ne da ke buƙatar bayani mai ƙarfi, kuma har yanzu ban ji shi ba.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya da ake iya ɗauka sharaɗi ce, alhali ta bambanta. Isra'ila, da dokarta ta 2008, tana ba wanda ya yi rajistar bayarwa ɗan fifiko idan shi ma ya zo buƙata. Singafo, tun dokarta ta 1987, tana mayar da wanda ya cire kansa daga tsarin zuwa baya a layi. Ana iya jayayya a kan adalcin wannan, ni ma ina da ja a kansa, amma ƙa'ida ce guda da aka shimfiɗa wa kowa a fili, kuma kowa yana iya shiga. Ba ta ba wani mutum ɗaya ikon ware wasu saboda yadda aka haife su ba.

A Najeriya maganar tana iya zama kamar ta nesa, domin tun da aka fara dashen ƙoda a asibitin St. Nicholas na Legas a 2000, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 2002, kusan duk abin da ake yi daga masu rai ne, yawanci 'yan'uwa. Ba mu da layin jira na ƙasa da ake raba sassan mamata da shi kamar na Birtaniya. Amma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta riga ta yi tanadin mutum ya ba da jikinsa ko wani sashe nasa ta hanyar wasiyya ko takardar da ya sa wa hannu a gaban shaidu biyu, ta kuma haramta ciniki da sassan jiki. Ranar da za a fara aiki da wannan sosai tana tafe, kuma gara a yi gardamar yanzu da a yi ta a bakin gadon mamaci.

Na san abin da ke ƙarƙashin sharaɗin mutanenmu sau da yawa. Tsoro ne, kuma tsoro mai dalili: kada a cire ƙodar ɗan talaka a kai wa mai kuɗi ko mai mulki. Wanda ya ga yadda ake tsallake layi a wurin ganin likita ba za a zarge shi ba idan ya yi zaton za a tsallake na ƙoda. Shari'ar Sanata Ike Ekweremadu, tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawa, wanda wata kotu a Landan ta ɗaure shekara 9 da wata 8 a 2023, ta ƙara wa wannan tsoro ƙarfi: an kai wani matashi ɗan tireda daga Legas don a cire ƙodarsa, aka gabatar da shi ga asibiti a matsayin ɗan'uwa. Wannan shari'a ta shafi mai rai ne, amma darasinta ya shafi mamata kai tsaye. Idan ana iya ƙirƙirar zumunta don a sami ƙodar mai rai, ƙirƙirar "daɗaɗɗen aboki" a kan gawa ya fi sauƙi, musamman idan iyalin suna cikin ruɗani kuma ga bashin asibiti a wuyansu. Saboda haka ko ambaton sunan da nake goyon baya sai an tsare shi: wani kwamiti da ba ya cikin likitocin dashen ya binciki dangantakar, ya tabbatar babu kuɗi a tsakani. Maganin tsoron talaka kuwa shi ne layi guda da aka rubuta ƙa'idojinsa kowa ya gani, bisa tsananin buƙata da dacewar jiki da daɗewar jira, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa a ƙa'idojinta na 2010, tare da wata hukuma mai bin diddigin inda kowane sashe ya tafi. Sharaɗin ƙabila ko na addini ba zai hana mai kuɗi tsallake layi ba. Ai a cikin kowace ƙabila da kowane addini akwai mai kuɗi.

Ga iyalan da wannan ya shafa, musamman mazauna ƙasashen waje, akwai abubuwan yi tun ana lafiya. A Ingila, tun 20 ga Mayu 2020, doka tana ɗaukar baligi a matsayin wanda ya amince da bayarwa muddin bai yi rajistar ƙin yarda ba, ko da yake ana tuntuɓar iyali kafin a ɗauki komai. Abin da doka ta ba ka iko a kansa shi ne ka yarda ko ka ƙi, ka kuma zaɓi sassan da za a ɗauka: kana iya cewa ƙoda da hanta kawai, ban da zuciya ko ido. Idan kana da ɗan'uwa mai jiran dashe kuma kana son a fara duba shi, ka faɗa wa iyalinka a sarari, ka rubuta, ka kuma sanar da likitocin da ke kula da shi, domin wasiyyar da ke kulle a ofishin lauya ba a buɗe ta sai an daɗe da jana'iza, ƙoda kuwa ba ta wuce kwana ɗaya da rabi. In kuma da gaske kake son shi ya samu, hanya mafi tabbas ita ce ka je a gwada ka tun kana raye, tun da ƙodar mai rai ta fi ta mamaci daɗewa tana aiki, kuma damar ka mutu a yanayin da za a iya ɗaukar taka ƙanƙanuwa ce. Kafin ranar fiɗa kuma ku zauna da mai harhaɗa magani ku yi lissafin kuɗin magungunan danne garkuwa na kowane wata da na gwajin ma'auninsu a jini, ku kuma kawo masa jerin duk abin da majinyacin yake sha, har da na gargajiya, domin maganin tarin fuka irin rifamfisin kaɗai yana iya zubar da ƙarfin takrolimus har jiki ya ƙi sabuwar ƙodar.